Jules Verne: Marubucin da Ya Ratsa Tafkin Chadi Daga Kan Teburinsa

A ƙarshen watan Janairun 1863 wani littafi ya fito a birnin Faris mai suna Cinq semaines en ballon, wato Mako Biyar Cikin Balan-balan. Labarin mutum uku ne 'yan Birtaniya: Dokta Samuel Fergusson, da amininsa maharbi Dick Kennedy, da baransa Joe. Sun cika wani ƙaton balan-balan da iskar haidirojin a wani ƙaramin tsibiri kusa da Zanzibar, suka shiga kwandon da ke rataye a ƙasansa, iska ta kwashe su zuwa yamma. Suka wuce ta kan tafkin Victoria, ƙishirwa ta kusa kashe su a hamada, suka ɓullo ta Adamawa, sai ga su a saman Tafkin Chadi suna leƙen Kukawa, fadar Shehun Borno. Daga nan suka bi ta Zinder da Damargu da Agadas, suka hango Gao da Tumbuktu, tafiyar ba ta ƙare ba sai a bakin kogin Sanagal.

Wanda ya rubuta littafin, Jules Verne, yana da shekara 34 a lokacin, kuma dillali ne a kasuwar hannun jari ta Faris. Bai taɓa taka ƙasar Afirka ba, bai taɓa shiga balan-balan ba. Sai bayan shekara goma, a 1873, ya hau shi a garin Amiens, ya yi minti 24 a sama ya sauko, bai kuma ƙara ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma Verne da ji ya gina sunansa, ji ɗin da ya tara daga littattafai da jaridu da taswirori. Ingancinsa daga nan yake, aibinsa ma daga nan.

Abin da Abdulkarim ya gani

Babban madogarar Verne game da ƙasashen Hausa da Borno shi ne Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo a yankin daga 1850 zuwa 1855 yana amsa sunan Abdulkarim. Barth ya shiga Agadas da Katsina da Kano da Kukawa da Yola da Sakkwato da Tumbuktu, ya koyi Hausa da Barbarci, ya koma ya buga abin da ya gani cikin mujalladi biyar a 1857 da 1858. Verne ya ɗebi wannan ilimi son ransa. A farkon labarin ya taƙaita tafiyar Barth har da isarsa Kano, kuma manufar Dokta Fergusson tun asali ita ce ya haɗa inda Barth ya tsaya da inda masu bincike 'yan Birtaniya, Burton da Speke, suka tsaya a gabashin Afirka. Da balan-balan ya iso Kukawa, Verne ya siffanta ta daidai: gari biyu ne, na gabas da na yamma, da dandali a tsakaninsu. Ya san 'yan Buduma na zaune a tsibiran tafkin. A nan ne ma manyan tsuntsaye suka yaga rigar balan-balan ta waje, Joe ya yi ta maza ya faɗa ruwa don a rage nauyi.

Akwai wata sa'a da ta faɗo masa. Jaruman nasa sun tabbatar da cewa kogin Nilu daga tafkin Victoria yake fitowa. A zahiri Speke ya isa wurin da kogin ke barin tafkin a watan Yulin 1862, amma labarin bai kai Landan ba sai bayan littafin ya shiga kasuwa. Mai karatu a Faris kan rasa inda rahoto ya tsaya, inda ƙage ya fara, kuma abin da ya sayar da littafin ke nan.

Sai dai wanda ya karanta shi daga Kano ko Damagaram zai ga abin da na Faris bai gani ba. Duwatsu da koguna da nisan zango duk suna inda ya kamata. Mutanen ƙasa kuwa ba su da suna, ba su da magana. Ko dai su durƙusa su ɗauki Turawan a matsayin 'ya'yan wata, ko su yi ta harbin sama da kibau. Akwai wurin da ake barkwanci ana kwatanta baƙar fata da birai. A Logone an saki tantabaru da wuta a wutsiya don su ƙone balan-balan ɗin. Abin da aka hango a Zinder shi ne filin kisa da bishiyar da ake rataye mutane. Barth ya cika shafuka da cinikin tufafin Kano da marinarta da malaman da ya yi muhawara da su, amma wannan ɓangaren bai yi wa Verne amfani ba, don ba ya sa gaban yaro ya faɗi.

Miyagun ƙarshen labarin su ne suka fi ɗaukar hankali. Mahayan da suka bi balan-balan ɗin da bindigogi har bakin kogin Sanagal ɗalibai ne na wani da littafin ke kira Al-Hadji. Wannan Shehu Umarul Futi ne, jagoran Tijjaniyya da ya zauna shekaru a Sakkwato ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi wa sansanin Faransawa na Médine ƙawanya a 1857. Akwai abin faɗa game da yaƙe-yaƙensa, har da wanda ya yi da Musulmin Masina a 1862. Amma a wurin Verne ba shi da wani tarihi sai na ɗan ta'adda, kuma waɗanda suka tarbi jaruman a ɗaya gaɓar kogin sojojin Faransa ne. A tsakiyar tafiyar Dokta Fergusson ya yi wani dogon tunani cewa wata rana Afirka za ta zama cibiyar duniya idan ƙasar Turai ta gaji da ciyar da mutanenta. Wasu na kawo wannan a matsayin yabo. In aka duba da kyau, ƙasar yake yabo, kuma baƙi yake hango za su zo su nome ta. Verne yana raye Faransa ta kama Tumbuktu a 1894, ta kama Zinder a 1899, ta kashe Rabeh a Kusuri a 1900.

Ɗan lauyan Nantes

An haife shi ranar 8 ga Fabrairun 1828 a Nantes, garin jiragen ruwa a bakin kogin Loire, wanda a ƙarni na 18 shi ne babbar tashar cinikin bayi ta Faransa. Mahaifinsa Pierre lauya ne, dangin mahaifiyarsa Sophie kuwa masu jiragen ruwa ne. Labarin da ake yawan bayarwa cewa ya gudu daga gida yana ɗan shekara 11 don ya zama yaron jirgi, wata 'yar dangi ce da ta rubuta tarihinsa a 1928 ta yaɗa shi, kuma masu bincike sun daɗe da yin watsi da shi. Wanda ya zama jami'in jirgin ruwa da gaske shi ne ƙanensa Paul.

Shi Jules ɗan fari ne, saboda haka ofishin uba na jiransa. Aka tura shi Faris karatun lauya, ya gama, ya ƙi komawa. Wasan kwaikwayo ne ya shiga ransa. Ya saba da Alexandre Dumas da ɗansa, aka nuna wasansa na farko a 1850, ya yi sakatare a gidan wasa na Théâtre Lyrique, yana rubuta gajerun labarai ga wata mujallar iyali. Babu wanda ya fitar da shi daga talauci a cikinsu. Abin da ya amfane shi a waɗannan shekaru shi ne zaman da yake yi a babban ɗakin karatu na ƙasa, yana kwafe bayanan ƙasashe da na kimiyya a ƙananan takardu.

A 1857 ya auri Honorine, wata bazawara 'yar Amiens mai 'ya'ya mata biyu. Aure na son abin hannu, sai mahaifinsa ya ba shi jari ya shiga dillancin hannun jari. Yakan tashi da asuba ya yi rubutu kafin ya tafi kasuwa. An haifa musu ɗa ɗaya, Michel, a 1861.

Mai gida Hetzel

Babu mai fahimtar Verne in bai san Pierre-Jules Hetzel ba. Shi ne mai kamfanin ɗab'in da ya buga Balzac da Victor Hugo da George Sand, ɗan jamhuriya da ya yi gudun hijira a Beljiyam bayan juyin mulkin 1851. Da ya dawo yana da buri guda: mujallar da iyaye za su saya wa 'ya'yansu, a koya musu kimiyya ba tare da sun ji ana koya musu ba. Ya haɗu da Verne a 1862, ya karɓi labarin balan-balan, ya kafa mujallar a 1864, ya ɗaure marubucin da yarjejeniyar mujalladi uku a shekara, daga baya aka mayar biyu. Jerin ya samu sunan Voyages extraordinaires, tafiye-tafiyen ban mamaki, kuma littattafai 54 ne suka fito a cikinsa Verne yana raye.

Hetzel ba bugawa kawai yake yi ba. Yana gyara, yana yankewa, yana cewa a sauya ƙarshen labari. Jim kaɗan bayan nasarar farko Verne ya kai masa wani labari game da Faris ta shekarar 1960, birni mai arziki da injuna wanda zuciyarsa ta bushe. Hetzel ya mayar masa da shi, ya ce ba mai yarda da irin wannan hasashe, kuma zai zubar masa da suna. Verne ya kulle rubutun ya koma kan abin da ake so: tafiya cikin cikin ƙasa ta bakin dutse mai aman wuta a Iceland a 1864, sai tafiya zuwa wata a 1865.

Rigimarsu mafi girma a kan Kyaftin Nemo ce, mai jirgin ƙarƙashin teku Nautilus, wanda labarinsa ya fito a 1869 da 1870. Verne ya so Nemo ya zama basarake ɗan Folan da Rashawa suka kashe wa iyali bayan boren 1863, yana nutsar da jiragensu don ramuwa. Hetzel ya ƙi, domin Rasha kasuwa ce, kuma ba a son ɓata wa sarkinta rai. Ya kawo shawarar a mai da shi mai yaƙar masu cinikin bayi. Verne ma ya ƙi. Da aka rasa matsaya sai aka bar Nemo ba ƙasa ba asali, mutum mai fushin da ba a bayyana dalilinsa ba, kuma wannan duhu ne ya sa ya fi duk jaruman Verne tsayawa a rai. Sai a wani littafi na 1875 aka ce shi Yarima Dakkar ne, ɗan wani sarki a Indiya, wanda Ingilishi suka murƙushe a boren 1857. Abin lura ne cewa marubucin da ya tausaya wa ɗan tawayen Indiya a gaban Ingila bai ga komai ba a wurin mutanen Shehu Umarul Futi a gaban Faransa.

Igwar Florida

Ana yawan yi masa kirari da mai hangen gobe, kuma labarin zuwa wata shi ne babbar hujja. Mutum uku cikin kwanson alminiyam, an harba su daga Florida, sun kewaya wata, sun faɗo tekun Fasifik jirgin sojan ruwan Amurka ya tsamo su. Bayan shekara ɗari haka kumbon Apollo ya yi, har Neil Armstrong ya ambaci Verne a wani jawabi daga cikin kumbo a hanyarsu ta dawowa a watan Yulin 1969.

Amma Verne ba ɗan duba ba ne, mai lissafi ne. Gudun da ya ba kwanson, kusan kilomita 11 a daƙiƙa, shi ne abin da masana suka riga suka sani ana bukata kafin abu ya kuɓuce wa jan duniya, kuma wani ɗan'uwansa malamin lissafi, Henri Garcet, ya taimaka masa da alƙaluman. Ya zaɓi Florida don tana cikin ɓangaren Amurka mafi kusa da tsakiyar duniya, inda wata ke iya zuwa daidai tsakar ka. Wanda ya bi lissafi zai ɓulla kusa da inda ya ɓulla. Inda ya kauce kuma ya kauce sosai: igwa ce mai tsawon ƙafa 900 ta harba su, abin da in da gaske ne zai niƙe fasinjojin tun ba su bar bakinta ba. Konstantin Tsiolkovsky na Rasha da Hermann Oberth duk sun ce Verne ne ya cusa musu tunanin sararin samaniya, kuma aikin da suka fara da shi shi ne gano cewa igwa ba za ta yi ba, sai roka.

Haka abin yake da Nautilus. Jiragen ƙarƙashin ruwa sun riga littafin: Robert Fulton ya gwada wani mai wannan suna a Faransa a 1800, sojan ruwan Faransa kuma sun nuna samfurin nasu mai suna Plongeur a baje kolin Faris na 1867. Abin da Verne ya ƙara shi ne girma, mita 70, da lantarki, da ɗakin karatu da kayan kiɗa a cikin teku. Ya taɓa gaya wa wani ɗan jarida cewa yana da ƙananan takardun bayanai kimanin 20,000 a gida. Da H. G. Wells ya tura jarumansa wata da wani ƙarfe na ƙage mai kore nauyi, tsohon ya yi ƙorafi cewa shi da ilimin da ke akwai yake aiki, a nuna masa ƙarfen in ana da shi. Tun daga nan ƙagaggun labaran kimiyya suka rabu hanya biyu, masu auna komai da masu cewa a ɗauka kawai. Labarin yaro da baƙon sararin sama da Umaru Dembo ya rubuta da Hausa a Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969 ya fi kusa da hanya ta biyu.

Littafinsa da ya fi kasuwa ma babu wata na'urar gobe a cikinsa. Kewaya Duniya Cikin Kwana Tamanin, wanda jaridar Le Temps ta riƙa bugawa kashi-kashi a 1872, ya tsaya ne kan abubuwa uku da aka gama kwanan nan a lokacin: mashigin Suez da layin dogo mai ratsa Amurka a 1869, da haɗewar layukan Indiya a 1870. Phileas Fogg ya ci cacar fam 20,000 ne saboda wanda ya yi ta gabas har ya kewayo yana samun rarar kwana guda. Balan-balan ɗin da mutane ke haɗawa da labarin babu shi a littafin, fim ɗin 1956 ne ya saka shi. Wasan kwaikwayon da aka yi daga labarin a 1874 shi ya kawo wa Verne kuɗin gaske, ya sayi jirgin ruwan shaƙatawa mai inji, Saint-Michel na uku, wanda ya kai shi gaɓar arewacin Afirka, har da Aljeriya da Tunisiya. Iyakar Afirkar da idonsa ya gani ke nan.

Shekarar 1886

Tun 1871 ya koma Amiens, garin matarsa, yana zaman da ba ya sauyawa: rubutu daga asuba zuwa hantsi, karatun jaridu da mujallu da rana, barci da wuri. Gidan ba lafiya lau yake ba. Michel ya gagari kowa, har aka kai shi gidan horon kangararrun yara na Mettray, daga baya ya yi aure ba da son uban ba, ya bar matar, ya bar basussuka uban na biya.

Ranar 9 ga Maris 1886 yana dawowa gida, ɗan ƙanensa Gaston, wanda ke fama da taɓin hankali, ya harbe shi. Harsashi ya shiga ƙafarsa ta hagu, likitoci suka kasa cirewa, ya yi ɗingishi har ƙarshen rayuwarsa. Bayan kwana takwas Hetzel ya mutu. Shekara ta gaba mahaifiyarsa ta bi. Jirgin ruwan ma ya sayar da shi a shekarar 1886.

Ana cewa daga nan ne rubutunsa ya yi duhu. Akwai gaskiya a ciki, domin littattafan baya cike suke da masu ƙirƙira da suka haukace da makamai masu share gari. Amma duhun ya girmi harbin. Tun 1879 ya rubuta labarin wani Bajamushe mai birnin ƙarfe da ke ƙera igwar da za ta shaƙe mutanen gari guda da iska mai daskarewa, kuma tun a littafin balan-balan Kennedy ya yi fargabar cewa injuna za su tarwatsa duniya. Abin da ya sauya shi ne mai danne wannan ɓangare nasa ya kau.

Ya zama kansila a Amiens a 1888, ya yi shekara goma sha biyar yana kula da gidajen wasa da bukukuwan gari. Majalisar manyan marubutan Faransa, Académie française, ba ta taɓa zaɓensa ba, kuma abin ya ci masa rai, domin ya san ana kallonsa a matsayin mai rubuta wa yara. Yanar ido ta rage masa gani, ciwon suga ya ci ƙarfinsa, ya mutu ranar 24 ga Maris 1905. Labarin da ake bugawa kashi-kashi a lokacin game da shirin Faransawa ne na janyo ruwan Bahar Rum cikin kwarurukan Sahara a kudancin Tunisiya da Aljeriya, shirin da wani hafsa mai suna Roudaire ya kawo da gaske a shekarun 1870. Wannan karon waɗanda ke adawa, Abzinawa, suna da suna da shugaba da dalili, ko da yake ruwa ne ya cinye su a ƙarshe.

Abin da aka yi da gadonsa

Littattafai takwas suka ƙara fitowa da sunansa daga 1905 zuwa 1919. Sai a ƙarshen shekarun 1970 wani mai bincike ɗan Italiya, Piero Gondolo della Riva, ya gano cewa Michel ya sake rubuta su, ya ƙara babuka, ya sauya ƙarshe. Na ƙarshensu, labarin wani ɓoyayyen birni na miyagu a hamadar da ke kusa da kogin Kwara, kusan duka aikin ɗan ne.

A Ingila da Amurka kuma masu fassara ne suka yi masa ɓarna. Fassarar labarin Nemo da aka fi karantawa kusan shekara ɗari ta yanke kimanin kashi ɗaya cikin biyar na littafin, ta rikita alƙaluma, har aka riƙa zargin Verne da kurakuran da ba nasa ba. Duk da haka ƙididdigar fassare-fassare ta hukumar UNESCO ta sa shi na biyu a duniya, bayan Agatha Christie, gaban Shakespeare.

Rubutun da Hetzel ya mayar kuwa an ɗauka ya ɓace. A 1989 wani tattaɓa-kunnen marubucin ya sa aka fasa wani tsohon akwatin ƙarfe na iyali, sai ga shi a ciki. Akwai motoci masu tafiya da iskar gas a titunan Faris, da jiragen ƙasa a kan gadoji, da fitilun lantarki, da na'urar aika hoton takarda ta waya. Jarumin wani saurayi ne mawaƙi da aka yi wa ihu ranar da ya karɓi kyautar waƙar Latin, ya shiga babban kantin littattafai yana neman Hugo da Balzac, ma'aikatan suka ce ba su san su ba. An buga littafin a 1994, shekara 89 bayan mutuwar Verne, kuma wanda ya buga shi shi ne Hachette, kamfanin da ya sayi maɗaba'ar Hetzel a 1914.